Kimiyya a Ƙofar Gida: Wane Sinadari Ke Fara Ƙarewa, Kuma da Wane Sauri?

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga ƙannenmu ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare masu shirin zana WAEC da NECO da JAMB, daga Bebeji da Tiga, Kiru da Kwanar Dangora, Tudun Wada, har can Doguwa da Riruwai. Iyayenmu manoma, ku ma kada ku kauda akwatin rediyonku, domin darasin yau zai biyo ta gonakinku. Ɗalibai, a ɗauko biro da takarda, akwai lissafi.

Duk lokacin da aka haɗa sinadarai suka rikiɗa zuwa wani abu sabo, tambaya biyu ce ke tasowa. Ta farko: nawa za a samu? Ta biyu: cikin wane lokaci za a same shi? Kowacce da amsarta, kowacce da hanyar lissafinta, kuma cakuɗa su kan sa ɗalibai su zubar da maki a wannan babi na kemistiri. Yawan abin da za a samu yana hannun sinadarin da ya fara ƙarewa. Sauri kuwa yana hannun zafi da kauri da laushin gari da makamantansu. Wanda ya riƙe wannan rabon aiki ya ci rabin darasin yau.

KASHI NA ƊAYA: WANDA YA FARA ƘAREWA

A ce damina ta faɗi, wani magidanci a Tudun Wada yana da garmar shanu 5 da shanun huɗa 6. Garma nawa za ta shiga gona? Kowace garma shanu biyu take buƙata, saboda haka 3 ce za ta yi aiki, 2 su kwana a zaure. Ku lura da kyau: shanun sun fi garmunan yawa, amma su ne suka gaza. Ko ya ƙaro garma 10, kunya ɗaya ba za ta ƙaru ba. Kuma da zai ɗora shanun da garmunan a sikeli, nauyinsu ba zai gaya masa komai ba. Ƙidaya ce ke magana, ita da sanin cewa biyu ake haɗawa da ɗaya.

Haka sinadarai suke. Wanda ya fara ƙarewa shi ne sinadari mai iyakancewa, wanda ya saura kuma shi ne rara. Ƙwayoyin sinadarai ba sa ganuwa balle a ƙirga su da yatsa, shi ya sa masana suke ƙirga su da ma'aunin mol. Mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 sau 10 mai ƙarfin 23. Idan kana son sanin mol nawa ke hannunka, sai ka raba nauyin abin a giram da nauyin mol ɗayansa.

Ga matakai huɗu, a rubuta su.

Na ɗaya, ka daidaita ikweshan. Na biyu, ka mayar da nauyin kowane sinadari zuwa mol. Na uku, ka raba mol ɗin kowanne da lambar da ke gabansa a ikweshan. Wanda ya ba da amsa mafi ƙanƙanta shi ne mai iyakancewa. Na huɗu, da wannan ƙaramar amsa za ka lissafa komai: abin da aka samu, abin da aka ci, da abin da ya saura.

Mu gwada da abin da kowane manomin masara a Doguwa da manomin shinkafa a Tudun Wada ya sani, wato takin yuriya. Tushen yuriya iskar amoniya ce, ita kuma amoniya daga naitirojin da haidirojin ake yin ta. Ikweshan ɗin ya ce:

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

Wato mol 1 na naitirojin yana buƙatar mol 3 na haidirojin, su ba da mol 2 na amoniya.

Ga tambaya. An haɗa giram 56 na naitirojin da giram 9 na haidirojin. Wanne ne zai fara ƙarewa, kuma amoniya nawa za a iya samu? Na sake: naitirojin giram 56, haidirojin giram 9.

Ikweshan a daidaice yake, sai mu wuce mataki na biyu. Mol ɗaya na iskar naitirojin giram 28 ne. 56 a raba da 28 ya ba da mol 2. Mol ɗaya na iskar haidirojin giram 2 ne. 9 a raba da 2 ya ba da mol 4.5.

A nan ne mai gaggawa yake faɗawa rami. Sai ya ce ai 2 bai kai 4.5 ba, don haka naitirojin ne zai ƙare. A'a, ɗan'uwa, da saura. Mataki na uku: naitirojin, 2 a raba da 1, ya ba da 2. Haidirojin, 4.5 a raba da 3, ya ba da 1.5. Ƙarami shi ne 1.5. Ashe haidirojin ne mai iyakancewa, duk da ya fi yawan mol.

Mataki na huɗu. Lambar da ke gaban amoniya 2 ce, 1.5 sau 2 ya ba da mol 3. Mol ɗaya na amoniya giram 17 ne, mol 3 kuwa giram 51. Naitirojin da aka ci mol 1.5 ne, wato giram 42. A cire daga 56, saura giram 14.

Kafin ka ajiye biro, ka binciki kanka. Abin da aka zuba: 56 da 9, jimla 65. Abin da ke nan a ƙarshe: 51 da 14, jimla 65. Sun yi daidai. Nauyi ba ya ɓacewa a haɗin sinadarai, ƙa'idar da Bafaranshen nan Antoine Lavoisier ya tabbatar da sikeli tun ƙarshen ƙarni na 18. Idan ɓangarorin biyu suka ƙi haɗuwa, to akwai inda lissafinka ya karkace, ka koma ka nemo shi tun mai duba takarda bai nemo maka ba.

Wani zai ce, to Malam, ai haidirojin ne mara nauyi a tambayar nan, me zai hana in riƙa zaɓen mara nauyi kawai in huta? Bari mu je Riruwai mu ga ko wannan dabarar za ta kai mu gida.

Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, ta yi suna da kuza tun kafin zuwan Turawa. Kakanninmu sun san yadda ake wanke yashin kuza, a haɗa shi da gawayi, a hura wuta da zugazugi har farin ƙarfe ya narke ya zubo. Abin da ke faruwa cikin wutar nan shi ne gawayi yana ƙwace oksijin daga jikin kuzar:

SnO₂ + 2C → Sn + 2CO

A ce an zuba giram 302 na tsantsar garin kuza da giram 60 na kabon, wato gawayin da zai shiga haɗin, ban da wanda ake ƙonawa don hura wutar. Mol ɗaya na garin kuza giram 151 ne, don haka muna da mol 2. Mol ɗaya na kabon giram 12 ne, muna da mol 5. A raba da lambobin gaba: kuza, 2 a raba da 1, ya ba da 2, kabon, 5 a raba da 2, ya ba da 2.5. Ƙarami 2 ne. Kuzar da ta ninka gawayin sau biyar a nauyi ita ce za ta fara ƙarewa. Kun ga dabarar zaɓen mara nauyi ta rushe ke nan.

Ƙarfen da za a samu mol 2 ne, kowane mol giram 119, jimla giram 238. Kabon da aka ci mol 4 ne, giram 48, saura giram 12. Iskar da ta tashi mol 4 ce, kowane mol giram 28, jimla giram 112. A tara 238 da 112 da 12, an samu 362, daidai da 302 da 60 da aka zuba.

Wannan giram 238 iyakar abin da lissafi ya yarda a samu ne. A aikace ba a cika kai wa nan ba: wani ƙarfen zai maƙale a kashin tama, wata kuzar wuta ba za ta ratsa ta ba. Idan tambaya ta ce giram 190 aka samu, sai ka raba 190 da 238, ka ninka da 100, ka samu kusan kashi 80 cikin ɗari. Idan kuwa amsarka ta haura ɗari, kada ka yi murna, ka yi kuskure ne.

Kafin mu je hutu, ga wata faɗakarwa da ta fi makin jarrabawa muhimmanci. Iskar nan da ta tashi daga wutar kuza, kabon monoksaid, guba ce. Idan gawayi ya samu wadatacciyar iska, kabon dayoksaid yake bayarwa, kuma kowane giram 12 na kabon yana cin giram 32 na oksijin. Amma idan aka shigar da kaskon wuta ɗaki lokacin hunturu, aka rufe ƙofa da taga, oksijin ne ke zama mai iyakancewa, sai gawayin ya koma fitar da kabon monoksaid da yawa. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin, mutum ya fara da ciwon kai da jiri, in yana barci ma ba lallai ya farka ba. Iyayenmu mata, musamman a yankin Doguwa da kewayen dajin Falgore inda sanyi ke cizo, don Allah kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Janareta kuma wurinsa waje, nesa da taga.

(Kiɗan hutu)

KASHI NA BIYU: DA WANE SAURI?

Madalla, barkanmu da dawowa. Idan yanzu kuka kama mu, muna tattauna lissafin haɗin sinadarai ne, mun gama da tambayar nawa za a samu, yanzu za mu shiga tambayar sauri.

Saurin haɗi shi ne yawan canjin da aka samu a raba da lokacin da ya ɗauka. Canjin zai iya zama sinadarin da ke raguwa ko wanda ke ƙaruwa: nauyi, ko yawan iska, ko kauri.

Ga irin gwajin da ake kawowa a jarrabawa. An jefa giram 0.25 na kalsiyam kabonet, sinadarin da ke cikin farar ƙasa da ɓawon ƙwai, a cikin asid mai yawa, ana tara iskar da ke fita. A rubuta wannan jadawali. A farawa, babu komai. Bayan daƙiƙa 20, mililita 30. Bayan daƙiƙa 40, mililita 48. Bayan daƙiƙa 60, mililita 57. Bayan daƙiƙa 80, mililita 60. Bayan daƙiƙa 100, mililita 60 dai. Na maimaita lambobin iskar: 30, 48, 57, 60, 60.

Mene ne saurin a daƙiƙa 20 na farko? 30 a raba da 20, wato mililita 1.5 a kowace daƙiƙa. Tsakanin daƙiƙa 20 da 40 fa? Kada ka raba 48 da 40. Abin da ya ƙaru a wannan tsakani kake nema: 48 a cire 30, saura 18, a raba da 20, ya ba da 0.9. Tsakanin 40 da 60, abin da ya ƙaru 9 ne, sauri 0.45. Tsakanin 60 da 80, 3 kacal, sauri 0.15.

Kun ga yadda saurin ke ja da baya: 1.5, 0.9, 0.45, 0.15, sannan tsit. Dalili shi ne sinadarin yana raguwa, wuraren da asid zai ci suna ƙaranci. Idan aka tambaye ka matsakaicin saurin haɗin gaba ɗaya, ka raba 60 da 80, ka samu 0.75. Wanda ya raba da 100 ya saka daƙiƙa 20 da babu abin da ya faru a cikinsu.

Idan ka zana wannan a takardar giraf, layin zai taso a miƙe, ya fara lanƙwasa, sannan ya kwanta. Tsayuwar layin ita ke nuna sauri. Inda ya kwanta kuwa, nan ne mai iyakancewa ya ƙare. Mu tabbatar da lissafin kashi na ɗaya: mol ɗaya na kalsiyam kabonet giram 100 ne, giram 0.25 ya zama mol 0.0025. Kowane mol yana ba da mol ɗaya na iska, kuma mol ɗaya na iska a zafin ɗaki yana cin wuri kusan mililita 24,000. A ninka, sai ga mililita 60 cif. A kula, idan tambaya ta ce a daidaitaccen zafi da matsi ne, 22,400 za ka yi aiki da shi.

To yanzu ga tambayar da ke raba wanda ya gane da wanda ya haddace. Idan aka daka wannan giram 0.25 ya zama gari, me zai canza? Layin zai fi miƙewa, ya kwanta da wuri, amma a kan 60 zai kwanta. Idan aka ɗumama asid ɗin? Haka dai, sauri ya ƙaru, 60 na nan. Idan aka sanyaya? Zai yi ta jan ƙafa, amma 60 zai kai. Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Hanya ɗaya ce ta haura 60: a ƙara mai iyakancewa. In aka zuba giram 0.5, matuƙar asid na da rara, sai a samu 120.

Me ke kawo sauri? Ƙwayoyin sinadarai sai sun yi karo, kuma karon ya yi ƙarfin da zai tsinka haɗin da ke riƙe da su, sannan sabon abu ya samu. Duk abin da zai yawaita karo ko ya ƙara masa ƙarfi zai ƙara sauri. Kauri yana cusa ƙwayoyi da yawa a wuri ɗaya. Matsi yana yi wa iska haka. Laushin gari yana buɗe fuskoki da yawa. Zafi yana sa ƙwayoyin gudu, kuma yana ƙara yawan waɗanda ke da ƙarfin tsallake shingen farawa, abin da masanin Suwidin Svante Arrhenius ya tsara lissafinsa a 1889. Haske yana tayar da wasu haɗe-haɗen, shi ya sa ake zuba wasu magunguna a kwalba mai duhu. Sai katalis, sinadarin da ke sauƙaƙa hanya ya rage tsawon shingen, shi kuma ya fito yadda ya shiga.

Game da zafi akwai ƙiyasin da ake aiki da shi: a haɗe-haɗe da yawa, ƙarin digiri 10 yana kusan ninka sauri biyu. Daga digiri 20 zuwa 40 ƙari biyu ke nan, 2 sau 2, ninki 4. Daga 20 zuwa 50, ninki 8, ba 6 ba. Wannan ne ya sa furar da ke kwana lafiya a watan Janairu take tsami kafin la'asar a watan Afrilu, kuma tumatirin Kadawa da ya yini a rana a kan mota yake fara ruɓewa tun bai isa kasuwa ba.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a tsakar gida, gani ya kori ji. A samo kanwa ƙulli biyu masu girma ɗaya, a daka ɗaya a bar ɗaya. A matse lemun tsami daidai wa daida a kofi biyu, a zuba kanwar lokaci guda. Ku kalli wanda zai fara kumfa da ƙarfi, da wanda zai riga lafawa. Idan kumfar ta tsaya alhali da sauran kanwa a ƙasa, a ƙara ruwan lemun. In ta sake tasowa, kun gano da idonku cewa lemun ne ya fara ƙarewa.

Sauran nau'i biyu na tambaya, a gurguje. Na farko, alaƙar saurin sinadarai a ikweshan ɗaya. A haɗin amoniya, idan haidirojin yana raguwa da mol 0.6 a daƙiƙa, a raba da lambarsa 3, a samu 0.2. Naitirojin yana raguwa da 0.2 sau 1, wato 0.2, amoniya tana ƙaruwa da 0.2 sau 2, wato 0.4.

Na biyu, ga masu shirin JAMB da yayyensu da ke shekarar farko a Jami'ar Bayero ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil: dokar sauri. An yi gwaji uku da sinadari A da B. Gwaji na ɗaya: A 0.1, B 0.1, sauri 0.002. Na biyu: A 0.2, B 0.1, sauri 0.008. Na uku: A 0.1, B 0.2, sauri 0.004. Dabarar ita ce ka kwatanta gwaji biyu da abu ɗaya kaɗai ya canza a cikinsu. Daga na ɗaya zuwa na biyu an ninka A biyu, sauri ya ninku huɗu. 2 mai ƙarfin 2 ne ke ba da 4, saboda haka matakin A 2 ne. Daga na ɗaya zuwa na uku an ninka B biyu, sauri ya ninku biyu, matakin B 1 ne. Jimlar mataki 3. Dokar ta zama: sauri daidai yake da k sau A sau A sau B. Don samo k, ka ɗauki gwaji na ɗaya: 0.1 sau 0.1 sau 0.1 ya ba da 0.001, 0.002 a raba da 0.001 ya ba da 2. Ka gwada wannan k a gwaji na biyu: 2 sau 0.2 sau 0.2 sau 0.1, ya ba da 0.008. Ya zauna. Kuma ka riƙe cewa waɗannan matakai daga gwaji ake samo su, ba a kwafo su daga lambobin gaban ikweshan.

(Kiɗan hutu)

KASHI NA UKU: DAGA AJI ZUWA GONA

Iyayenmu manoma, ga alkawarin da muka yi muku.

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma masara ba ta iya cin sa a haka. Ƙwayarsa a ƙulle take da haɗi mai ƙarfi, ko an gauraya ta da haidirojin a zafin ɗaki haɗin ba ya motsi. Matsalar ta sauri ce, ba ta rashin kaya ba. Bajamushe Fritz Haber ne ya nuna mafita a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita aikin masana'anta, aka buɗe ta farko a Oppau ta ƙasar Jamus a 1913. Sirrin shi ne abubuwan da muka lissafa ɗazu: zafi sama da digiri 400, matsi da ya ninka na iskar duniya sau ɗari da ɗoriya, da katalis na baƙin ƙarfe. Daga iskar gas ake samo haidirojin, shi ya sa masana'antun yuriya na Nijeriya suke kudu: Onne da Eleme a jihar Ribas, da ta Dangote a Lekki ta jihar Legas, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022.

Mol ɗaya na yuriya giram 60 ne, a ciki giram 28 naitirojin ne, shi ya sa kuke ganin lamba 46 a jikin buhu. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Tambayar ita ce, nawa ne daga ciki zai shiga jikin shuka?

A cikin ƙasa akwai wani katalis na halitta mai suna yuriyes, wanda Ba'amurke James Sumner ya tace daga wani nau'in wake a 1926. Da zarar yuriya ta taɓa ƙasa mai danshi, wannan katalis yana farfasa ta cikin 'yan kwanaki, amoniya ta fito. Idan takin na binne, ƙasa za ta riƙe amoniyar, saiwa ta samu. Idan kuwa an watsa shi a sarari da tsakar rana, zafi ya hanzarta haɗin, wani kaso ya bi iska, kuɗinka ke nan ya tashi sama. Wannan ne dalilin da ya sa malaman gona ke cewa a tona ɗan rami gefen shuka, a zuba, a rufe, kuma a raba takin kashi biyu maimakon a juye shi lokaci guda. Masu noman rani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, wannan ya shafe ku sosai, tunda wani ɓangaren nomanku yana faɗawa cikin zafin bazara.

Batun mai iyakancewa ma yana gona. Tun ƙarni na 19 Jamusawa biyu, Carl Sprengel da Justus von Liebig, suka bayyana cewa abincin shukar da ya fi ƙaranci shi ke yanke yawan amfani. Idan fosfaras ne ya gaza a gonarka, ko ka ƙara yuriya buhu uku zangarniya ba za ta biya ka kuɗinka ba. Rarar za ta bi ruwa ko iska. Shi ya sa ake farawa da NPK, mai ɗauke da naitirojin da fosfaras da fotasiyam, sannan a bi da yuriya. Kafin manomi ya ƙara kashe kuɗi, ya nemi malamin gona su gano abin da ya gaza, in da hali a gwada ƙasar.

Mata masu haɗa sabulu a gida, ku ma lissafin nan naku ne. Tsakanin soda da mai, sodar ake so ta fara ƙarewa, a bar ɗan rarar mai. Idan soda ce ta yi rara, ita ce ke cin hannu ta ƙona fata. A auna da sikeli, kada a yi da ka.

AIKIN GIDA

Ɗalibai, ga naku. Ana yin yuriya ta haɗa amoniya da kabon dayoksaid:

2NH₃ + CO₂ → CO(NH₂)₂ + H₂O

An zuba giram 68 na amoniya da giram 132 na kabon dayoksaid. Nauyin mol ɗaya: amoniya 17, kabon dayoksaid 44, yuriya 60, ruwa 18. Wanne ne mai iyakancewa? Yuriya giram nawa za a iya samu? Rara giram nawa ce? Idan haɗin ya ɗauki minti 40 kafin ya kammala, mene ne matsakaicin saurin samuwar yuriya a giram cikin minti ɗaya? Sannan, idan aka hanzarta shi ya kammala a minti 20, me zai canza, me zai tsaya yadda yake? Na sake lambobin: amoniya 68, kabon dayoksaid 132, minti 40, sannan minti 20. In ka gama, ka tara yuriya da ruwa da rara. In ba su ba ka 200 ba, ka sake lale.

Malamai, muna roƙon ku duba wa ɗalibanku wannan aiki a aji. Wanda ya gane kuma ya zaunar da abokinsa ya koya masa, domin wurin koyarwa ne mutum ke gano inda nasa sanin ya tsaya.

A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu warware wannan tambaya, sannan mu shiga haɗe-haɗen da ke tafiya gaba su dawo baya. A can za ku ji abin da ya sa a masana'antar amoniya wani kaso ne kawai ke haɗuwa a kowane zagaye, har sai an yi ta mayar da ragowar iskar cikin tukunya. Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya sa albarka a gonakinmu. Mu kwana lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)